Tekun da Habib Ya Kawo wa Iya

Asabar, 5 ga Afrilu, bayan la'asar

Habib ya kawo wa Iya teku.

Haka ya faɗa da bakinsa a tsakar gida, gaban masu sauke kaya: "Ya Falmata, teku na kawo wa Iya." Na leƙa bayan motar, ban ga teku ba. Na ga akwatin gilashi mai tsawon gadon yaro, an naɗe shi da bargo kamar mai zazzaɓi, sai fararen bokitai da kwalaye rututu. Ƙanena ne, ni na goya shi, shi ya sa ban yi masa dariya a gaban mutane ba. Sai da na shiga ɗaki. Garin da bara ruwa ya shigo wa mutane har kan gado, a nan ne wani zai taso daga Legas ya zuba ruwa a falo da gangan.

Wai likita ne ya ce a samar mata abin kallo. Tun kaka Iya ba ta magana, tun ranar da autanmu Mikail ya bi hanyar Konduga zuwa gona. Ba zan rubuta wannan a nan ba. Tana ci in an ba ta, tana salla, tana tasowa daga ɗaki zuwa falo, amma baki gum. Ni ke yi mata wanka, ni ke tsefe mata kai, ni ke kunna mata ka'aji a falo kowace yamma, irin turaren wutar da nake haɗa mata ita kaɗai, wanda ko amarya ta zo da kuka ba na sayar mata. Likitan bai ce a samar mata Falmata ba, don Falmata tana nan kamar randa, ba daga Legas aka kawo ta ba.

Ba kishi nake ba. Rubutawa kawai nake.

Litinin, da hantsi

An ɗauke kabad ɗin kwanukan Iya daga bangon gabas, tekun ya gaje wurin. Habib ya ce nan ne rana ba ta bugawa.

Yau na ga abin da ke cikin kwalayen. Matatar ruwa, don wai ruwan bohol ɗinmu na unguwar Dala ya yi wa kifinsa nauyi. Ruwan da muka sha muka girma. Gishiri na musamman a bokiti mai murfi, na dangwala na lasa, ɗaci ne da shi, ko miyar kuka ba zai gyara ba. Fitila shuɗiya. Fanfuna ƙanana guda biyu masu kaɗa ruwa. Da wani inji mai sanyaya ruwan, saboda in zafin Maiduguri ya taɓa su, mutuwa za su yi. Na ce, "To mu da zafin yake taɓawa tun haihuwa fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ke ai ƙarfe ce, Ya Falmata."

Ya daɗe yana shawara da matarsa Rumaisa'u kan wane fanfo zai kalli dama, wane zai kalli hagu. Ina tsaye da tiren shayi. Ba wanda ya tambaye ni ko hagu ko dama.

Laraba, bayan azahar

Dzarma mai sola ya zo ya ƙara faifai a kan rufi, ya ajiye batura a lungun zaure. Kifi zai samu wutar da ba ta ɗaukewa. Na shekara nawa ina yi wa Iya fifita da maficin kaba in wuta ta tafi, hannu ya sage in sauya ɗaya.

Amma an ja waya ɗaya zuwa fankar ɗakinta, wannan kam na yaba. A zuci.

Juma'a, da yamma

An zuba ruwa, an jera duwatsu masu ramuka, an kunna fitila. Babu kifi ko ɗaya. Habib ya ce sai ruwan ya nuna tukuna, kusan wata guda. Ni na san nunar mangwaro, na san nunar tuwo, yau na ji ta ruwa.

Sai ya biyo ni madafa, yana sosa ƙeya irin yadda yake yi tun yana yaro in zai roƙi abin da ya san ba nasa ba ne.

"Ya Falmata, wata alfarma."

"Ina ji."

"Ka'ajin nan, a daina sa shi a falo."

Ya kai ni ya buɗe ƙofar kabad ɗin da tankin ke zaune a kai, ya nuna min wata na'ura mai tafasa kumfa kamar tukunyar waken da aka manta. Ya ce iskar ɗaki take zuƙa ta cusa cikin ruwan, duk abin da ke cikin iskar, hayaƙi ko turare, cikin ruwan zai ƙare. Sannan ya dubi hannuwana ya ce, "Kuma don Allah kada ki sa hannu a ciki. Humrarki ta riga ta shiga fata."

Na ce to. Me zan ce? Sana'ata ce, turaren wuta da humra, da su na riƙe gidan nan lokacin da yake can bakin tekunsa na gaske. Yau hannuna ne guba.

Na sa wa Iya ka'ajinta a ɗaki. Ba ta zauna ba. Ta taso ta koma falo gaban ruwan da babu komai a ciki.

Talata, da safe

Tana gaban ruwan.

Alhamis, da safe

Tana gaban ruwan. Na kai mata kunu, ta sha ba ta dube ni ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan magariba

Habib ya koma Legas wajen aiki, zai dawo da kifin. Ya bar wa Rumaisa'u amanar tankin, ya koya mata leƙa wani ɗan madubi mai kamar ƙaho don auna gishiri. Yarinyar ga ciki ya tsufa, tana nishi tana ɗaga bokiti. Na ce ta bari in ɗauka, ta ce, "A'a Yaya, kada ki wahala," idonta a kan hannuna.

Abin haushin, yarinyar kirki ce. Da mai tsiwa ce da na samu inda zan sauke abin da ke cina. Bakanuwa ce, "wushe" kaɗai, wato sannu, ta iya da Kanuri, amma kullum sai ta durƙusa ta ce wa Iya wushe, wushe, kamar mai lallashin akuya. Jiya na ga Iya ta ɗora hannu a kanta.

Ni yaushe rabon da ta ɗora min hannu a ka? Ba kishi nake ba. Tambaya ce.

Juma'a, da hantsi

Duwatsun sun yi wata gansakuka ruwan ƙasa. Na ji daɗi, na ce ya lalace. Rumaisa'u ta ɗauki hoto ta tura masa, ya bugo waya yana murna, wai alamar ruwan ya kama hanya ke nan. A tekun Habib ko datti ci gaba ne.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Kifayen sun iso. A jirgi, cikin akwatin sanyi, kowanne a ledarsa. Ni ban taɓa shiga jirgi ba.

Biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara. Ɗaya shuɗi. Sai wani ɗan mitsitsi rawaya mai manyan idanu, wanda ana sakinsa ya faɗa rami ƙarƙashin dutse, ba a ƙara ganinsa ba. Habib ya ce haka halinsa yake, sai ya ga dama yake fitowa.

Sannan ya fito da wasu 'yan gutsattsari a kan fararen ƙusoshi, ya ce murjani ne. Na ce ƙarya kake, murjani ja ne, yana cikin adudun Iya, da shi aka kai ta ɗakin Baba. Ya ce wancan ƙashin ne, wannan mai ran ne. Na tsaya ina kallo. Da aka jima suka buɗe kamar furen kuɓewa, kore da ruwan hoda, suna rausaya. Na kai shekarun nan ban san abin wuyan uwata ya taɓa numfashi ba.

Yana da kyau. Na rubuta, kada a ce ban rubuta ba.

Juma'a, da yamma

Maƙwabta sun yi ta sintiri. Matan layinmu da ba su leƙo mu ba tun da aka daina zaman jaje, yau ga su da 'ya'yansu. "Kai, Hajja Kaltum ta haifi ɗa!" Ɗaya ta ce min, "Falmata, ki gode wa Allah da ya ba ku Habib." Na ce na gode. Wata kuma ta shaƙi iska ta ce, "Yau falon Hajja ba ƙamshi, lafiya?" Na ce kifi ne ba sa so. Suka yi ta dariya, sun ɗauka wasa nake.

Asabar, da safe

Iya ta yi magana.

Asabar, bayan azahar

Bari in rubuta yadda aka yi.

Ina madafa ina dama kunu. Habib yana gefenta yana yayyafa musu abinci. Ɗan rawayan nan ya leƙo daga raminsa, ya fito da rabin jiki. Sai Iya ta kama hannun rigar Habib ta ce, "Ya fito."

Kalma biyu. Rumaisa'u ce ta rugo ta faɗa min, tana kuka tana dariya. Kafin in iso an gama. Habib ya durƙusa ya kifa kai a gwiwarta, ita kuma idonta na kan ramin.

Na yi hamdala, Allah ya sani na yi. Amma tun kaka nake zaune a gabanta ina yi mata hira kamar mahaukaciya, ina ba ta labarin kasuwar Gamboru, wa ya yi aure, wa ya haihu, ina jiran ko "uhm". Ni na kwana da ita a daren farko da na biyu da duk sauran. Da bakin ya tashi buɗewa, sai ya buɗe wa kifi, a hannun wanda ya zo jiya, ni kuma ina can ina fama da gasara.

Kishi nake. To, na faɗa.

Talata, da yamma

Kullum yanzu sai ta ce "ya fito." Da safe, da yamma. In ya koma rami ta yi shiru ta jira, tasbaha a hannu. Na san wa take jira. Duk mun sani, ba mai faɗa.

Ta ce wa Habib "sannu." Ta ce wa Rumaisa'u "zauna." Ni tana buɗe baki in sa mata cokali.

Laraba, bayan la'asar

Na hura gawayi a kasko don in turara ɗakinta. Sai na ga ƙafata ta kai ni ƙofar falo. Na tsaya, hayaƙin yana tashi, ina jin gurnanin na'urar kumfar nan daga cikin kabad. Ba kowa sai Iya. Ta juyo ta dubi kaskon, ta daɗe tana dubansa.

Na koma da shi. A'uzu billahi.

Alhamis, da safe

Kwalbar ka'ajin Iya ba ta inda na ajiye ta. Wataƙila ni ce na manta.

Juma'a, 16 ga Mayu, da yamma

Kaina ya yi ciwo, na kwanta bayan na yi wa Iya wanka. Habib ya tafi masallaci. Rumaisa'u tana barci. Ihunsa ne ya tashe ni.

Tun daga tsakar gida na ji ƙamshin. Nawa ne, ba na kowa ba, ko a cikin dubu zan gane shi. Ya buɗe kabad ɗin ƙarƙashin tanki, ga kasko a zaune daram kusa da na'urar kumfa, an rufe masa ƙofa yadda ake rufe kasko a cikin kabad ɗin kaya don ƙamshi ya kama. Kumfa ta yi ambaliya har ƙasa. A saman ruwan ga maiƙo yana ƙyalli, humra ce, ba ɗigo ɗaya ba. Shuɗin kifin yana kwance a kan yashi. Murjanin duk sun tsuke.

Habib bai yi min tsawa ba, da ma ya yi. Ya dube ni ne kawai ya ce, "Ya Falmata, da kin ce min ba kya so, da na kwashe."

Na dubi Iya, tana zaune a kujerarta da sabon mayafi, hannuwa a cinya, kamar mai jiran baƙi. Na dubi yatsunta. Na ɗauki kaskona na fita.

Asabar, da hantsi

Masu farar ɗamara sun bi shuɗin. Ɗan rawaya bai fito ba. Ba a san ko yana ciki da rai ba, Habib ya ce in aka ɗaga dutsen ramin zai rufta.

Ba ya yi min magana. Rumaisa'u tana gaishe ni tana kallon ƙasa.

Zan iya faɗa masa. Kalma ɗaya ce. Amma in ce masa me, uwarka ce ta kashe abin da ka kawo mata? Kuma ranar Laraba wa ya tsaya a ƙofar falo da kasko? Bari ya zaci abin da ya zata, bai yi nisa da gaskiya ba sosai.

Lahadi, bayan azahar

Iya ta zauna gaban ramin tun safe. Da azahar ta tashi da kanta ta koma ɗaki ta kwanta, fuska ga bango, irin kwanciyar farkon kaka. Na kai kunu ta kawar da kai.

Ga ta nan ta dawo hannuna, ni kaɗai. Ba Habib, ba kifi, ba matan layi. Abin da nake so ke nan, ko ba shi ba? Na zauna a bakin gadon ina yi mata fifita alhali fanka tana juyawa, na yi kuka har mayafina ya jiƙe.

Litinin, da safe

Habib yana ta canjin ruwa shi kaɗai tun shekaranjiya. Dole a tace, a auna gishiri, a dama, a kwashe tsohon, a zuba sabon a hankali, a sake. Ya zuba wani baƙin gawayi a jaka ya saka a ciki, wai yana tsotse guba. Gawayi ya kashe, gawayi zai raya. Rumaisa'u ba ta iya ɗaga komai yanzu. Na ga bayansa ya ƙage, yana tafiya kamar tsoho.

Na je bayan madafa na ɗebi toka. Na dirje hannuwana har gwiwar hannu, na bi da lemon tsami, na ɗauraye, na sake. Na cire zobba. Na yanke farce. Na sa tsohuwar rigar da ba ta taɓa ganin kasko ba, da ƙyar na samo ta. Fatar ta yi ja tana zafi.

Na je na miƙa masa hannu a hanci na ce, "Shaƙa."

Ya shaƙa. Ya dube ni. Ya turo min bokiti da ƙafa ya ce, "Sai gishirin ya narke duka, kada ki bar ko ƙwaya."

Mun yi aiki har la'asar. Ruwan gishiri a kan dirzajjiyar fata, Allah kada ya nuna wa maƙiyi.

Talata, bayan magariba

Yau ma toka, yau ma bokiti. Murjani biyu sun ɗan buɗe. Sauran sun yi fari, Habib ya cire su.

Da yamma na shiga ba Iya abinci, Habib ya biyo ni da ruwan sha. Na kai cokali bakinta, sai ta kama hannuna. Ta kai hanci. Ta juya shi ta shaƙi bayan, ta shaƙi tafin, ta ɗaure fuska.

"Wa ya wanke ki?"

Cokalin ya faɗi. Ta dubi Habib, muryarta a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ni na sa musu. Baƙi sun zo gidana daga nesa, ba a turara su ba, ba a shafa musu komai ba. Abin kunya." Ta numfasa. "Falon ma ya daina ƙamshin Falmata. Na zauna, na zauna, ban ji ta ba."

Habib ya ajiye kofin a hankali ya fita. Na same shi a zaure, zaune a kan baturan Dzarma, ya rufe fuska. Ya ce, "Ya Falmata, don girman Allah..." Na ce, "Tashi daga kan wutar kifi kafin ta ja ka." Ya yi dariya da majina, kamar lokacin da nake goya shi.

Na so a ce matan layi suna nan suka ji. Wannan halin dai ban rabu da shi ba.

Laraba, da hantsi

Mun yi sulhu da teku. Habib ya ja wa na'urar kumfa dogon tiyo ta taga, ta riƙa shaƙar iskar waje. Falo dai ba kasko, ba humra. Amma zan riƙa turara mayafin Iya a ɗakina, in yafa mata kafin ta fito. Ya ce wannan ba komai. Ya yi mata bayani cewa waɗannan baƙin, turarensu shi ne a bar su. Ta ce, "Baƙin Legas."

Ta fito ta zauna, mayafin a hancinta, ido a kan ramin. Babu motsi. Habib ya ce min a gefe kada mu sa rai, kwana biyar ba ci. Ya ce ko ya sayo wani irinsa ya saka ba ta sani ba. Na ce kada ya kuskura. Matar da ta gane an wanke min hannu, ita za a sauya wa wanda take jira?

Alhamis, 22 ga Mayu, da safe

Ina madafa, ina dama kunu, kamar wancan karon. Habib yana tsaye a gefenta da abincin kifi, kamar wancan karon, har kafaɗarsa tana taɓa kujerarta. Rumaisa'u tana zaune a ƙasa kusa da ƙafarta.

Sai na ji murya ta ratsa tsakar gida, da ƙarfinta, irin wadda take kirana da ita in na daɗe a rijiya ina yarinya.

"Falmata! Falmata, zo ki gani, ya fito!"

Na bar kunun a wuta, ya ƙone ƙurmus. Ya rame, ɗan banzan, idanun sun ƙara girma, amma ga shi nan a bakin raminsa yana hura yashi. Iya ta riƙe hannuna mai kaushin toka, ba ta saki ba har ya koma ciki.

Su biyu suna gefenta. Ni ina can madafa. Ni ta kira.